Bajon Iyon Dogo

Lokacin da ƙaramin yaron ya nutse, Kyaftin yana can ɗaya ƙarshen tafkin iyo, ruwa iya ƙugunsa, ya tallafe cikin wani ƙaton yaro da ke ta harbin ruwa yana kiran uwarsa. Bai ga komai ba. Usur kawai ya ji, doguwar busa wadda ba ta yankewa, irin wadda ya koya wa yaransa cewa ba a yin ta sai rai na cikin haɗari. Ya juya. A ɓangaren mai zurfi, inda aka hana ƙanana zuwa, wani ɗan hannu ya fito saman ruwa ya koma.

Kafin Kyaftin ya ture yaran da ke gabansa ya yi wani takun kirki, tayar ceto ta riga ta tashi sama da igiyarta, ta faɗi daf da inda hannun ya ɓace. Hannun ya sake fitowa, ya laluba, ya damƙe ta. Wanda ya jefa ya durƙusa a bakin siminti yana jan igiya a hankali, ba gaggawa, har ya kawo yaron gefe, ya cafki wandonsa ya tsamo shi. Dogo ne, ɗan Kyaftin na fari, wanda shi ne mai tsaron bakin ruwa a ranar, kamar kowace Asabar.

Yaron da aka tsamo, Firit ake ce masa saboda ƙanƙantarsa, ya amayar da ruwa, ya yi tari, sannan ya ɓarke da kuka. A wurin mai ceto babu sautin da ya kai wannan kukan daɗi. Uwarsa, wadda ke zaune a benci tare da sauran iyaye, ta taho a guje takalmi ɗaya a ƙafa, ta rungume ɗanta, ta sake shi ta rungume Dogo, ta koma kan ɗanta, duk ta rasa wanda za ta riƙe.

Kyaftin ba sojan ruwa ba ne, bai ma taɓa hawa jirgin ruwa ba. Mai gyaran firji ne, shagonsa na bayan tashar mota. Yaran rundunar sikawut ta unguwa ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida. Shekara da shekaru yana jagorantar rundunar a matsayin ɗan sa-kai, ya rufe shago ranar Asabar ya tafi koya wa 'ya'yan mutane ƙulla igiya da kafa tanti da iyo. Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. In ka ce masa ina kwana, sai ya duba ko lokacin gaisuwa ya yi. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, sai da wani babba a wurin. Mai tsaron bakin ruwa ba ya wasa, ba ya zama, ba ya jiƙa ko yatsansa, idonsa na kan ruwa har a tashi. Sai kuma wadda ya fi alfahari da ita: uba ba ya gwada ɗansa, ba ya ba shi bajo, wato lambar da ake ɗinka wa yaro a riga in ya ci gwaji, kada a ce an yi son kai. Tun ranar da Dogo ya shiga rundunar, uban ya miƙa shi ga mataimakinsa, wani tela mai fara'a, ya cire hannunsa.

Ranar, da hankali ya kwanta, Kyaftin ya tara yaran a bakin tafki suna ɗigar ruwa, ya tsayar da Dogo a gabansu.

"Kun ga abin da ya yi? Da wani ne a cikinku, da tsalle zai yi ya faɗa kamar jarumin fim, mu tsamo mutum biyu. Me na ce muku kullum?"

"A miƙa gora!" yaran suka amsa baki ɗaya. "In ba ta kai ba a jefa igiya! Shiga ruwa shi ne na ƙarshe!"

"To ga wanda ya ji."

Bai cika yabon ɗansa a gaban jama'a ba, amma ranar ya kasa daurewa, ya dafa kafaɗarsa. Ya ji jikin yaron na rawa kamar injin firji mai shirin mutuwa. Leɓɓansa sun yi fari. Kyaftin ya ce a ransa firgita ce, za ta wuce.

Uwar Firit ta share hawaye ta ce, "Wallahi Kyaftin, da na ce ba zai je zangon dam ɗin nan ba. Amma tunda Dogo ne zai tsare su, barcina zan yi."

Zancen zangon kuwa babba ne. Asabar mai zuwa wani jami'i zai zo daga hedikwata ya maƙala wa Dogo babban bajo, matakin ƙarshe na sikawut, wanda tun da aka kafa rundunar babu yaron da ya taɓa kai wa. Ba a ba da shi sai ga wanda ya ci duk ƙananan bajoji da guminsa, har da na iyo da na ceto. Bayan bikin kuma za a tafi zango a bakin dam, Dogo ne zai riƙe kwalekwalen ceto yayin da ƙanana ke wanka. Kyaftin ya daɗe yana jiran ranar nan, ko da yake ko a gaban matarsa ba ya yarda ya faɗa.

Ranar Litinin yana kwance a ƙasa, kansa a bayan wani tsohon firjin mai sayar da ƙanƙara, sai ga Tela ya shigo da sabuwar rigar Dogo a leda. Shi ne ke ɗinka wa rundunar kaya, shi ne kuma ke ɗinka bajoji a hannun riga. Ya zauna kan wata firiza da aka kifar, ya baje rigar yana nuna aikinsa.

"Dubi nan, Kyaftin. Na bar masa fili a ƙirji, nan babban zai zauna. Kai, yaron nan ya fitar da mu kunya! Duk unguwa zancensa ake. Ka ga yadda ya jefa tayar nan? Ni fa da ban taɓa ganinsa a cikin ruwa ba, sai da na ce, in a tudu haka yake, ina ga ya shiga?"

Kyaftin ya ci gaba da ɗaure ƙusa na ɗan lokaci. Sai maganar ta iso masa. Ya zaro kansa daga bayan firjin a hankali.

"Me ka ce?"

"Na ce ya fitar da mu kunya."

"A'a. Ba ka taɓa ganinsa a ina ba?"

"A ruwa mana." Tela ya yi dariya. "To ina zan gan shi? Kullum yana tsaye a baki da usur."

Kyaftin ya miƙa hannu mai baƙin mai ya nuna hannun rigar, inda wani ɗan shuɗin bajo mai zanen igiyar ruwa yake zaune, da na ceto a ƙarƙashinsa.

"Wannan fa? Wa ya gwada shi?"

"Ni na ba shi."

"Ban ce wa ya ba shi ba. Wa ya gwada shi?"

Dariyar Tela ta fara yin sanyi, amma bai ga abin tashin hankali ba tukuna. "Haba Kyaftin! Ɗanka fa. Ɗan mutumin da ya koya wa rabin unguwar nan iyo. Ni da iyon nawa bai wuce na kare ba, in tsaya in ce wa ɗan Kyaftin shiga in gani? Ai raini ne. Na ceto na gwada shi, wallahi na gwada, jifan igiya da danna ƙirji da komai, ya cinye tas. Na iyon ne dai na ce wannan a gida aka gama shi."

Sufanar da ke hannun Kyaftin ta faɗi kan siminti. Ya zauna a ƙasa yana kallon abokinsa, bakinsa a buɗe. Shekaru yana bugun ƙirji a taron iyaye cewa a rundunarsa babu yaron da ke sanye da bajon da bai ci ba. Ya taɓa hana ɗan wani mai kuɗi bajon tanti saboda turke ɗaya da ya karkace. Ashe a ƙarƙashin rufinsa abin yake, matarsa na wanke shi tana goge shi duk mako.

"Innalillahi," ya ce. "Tela, ka kashe ni."

"Kai ma dai da girmama abu! Ba iyo ba ne? A kai shi ya yi, a wuce wurin. Wa zai sani?"

Wannan ita ce maganar da Kyaftin ya kama ya riƙe, don ita ce mai sauƙi. Gwaji ne ba a yi ba, to a yi shi. Kafin Asabar a gyara ɓarakar, bajo ya zama halal. Ya ce da Tela gobe da sassafe, kafin a buɗe wa jama'a tafkin, ya zo ya yi aikin da ya kamata ya yi tuntuni. Tela ya naɗe rigar ya fita sumui-sumui, ko sallama bai yi da kyau ba.

Da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya a bayan ɗaki. Bai yi niyyar gaya mata ba, amma abin na cinsa. Ya tsaya yana taya ta riƙe kwando, abin da bai saba ba, har ta dube shi da mamaki.

"Maman Dogo, wai a ina yaron nan ya koyi iyo?"

Ta yi dariya. "Yau kuma? A wurinka mana. Ni ce zan koya masa, a baho?"

"Ni ban taɓa koya masa ba. Ba ya rukunina."

Ta tsaya da zanin gado a hannu. "Ban gane ba ya rukuninka ba. Ba tare kuke fita duk Asabar ba?"

"Tare muke fita. Can sai mu rabu. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'ida ta ce kada ka koya wa ɗanka iyo?"

"Gwadawa ta hana."

"To koyarwar fa?"

Ta ci gaba da kallonsa, sai ya ga fuskarta ta sauya, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Baban Dogo, ni fa ban taɓa shanya wa yaron nan jiƙaƙƙen wando ba. Naka kullum yana dawowa sharkaf, yana warin maganin ruwa. Nasa yadda na naɗe shi haka yake dawowa. Na ɗauka don shi ne mai tsaro."

"Don shi ne mai tsaro mana," in ji Kyaftin da sauri, da ƙarfin da ya fi na maganar. "Yara ai ba sa jiran a koya musu. Da abokansa zai koya, a rafi ko wani wuri. Yaro kamar Dogo?"

"Ka tambaye shi."

Ga shawara mai kyau, kuma kyauta. Tambaya ce da ba ta fi ƙarfin yaron goye ba. Amma Kyaftin, mutumin da ke iya tsayar da jami'in hedikwata ya yi masa gyara a gaban jama'a, ya kasa buɗe baki ya tambayi ɗansa ko ya iya iyo. Yana tsoron amsar, wannan ita ce gaskiyar magana. Da aka zauna cin abinci, Dogo na ta juya cokali bai ci komai ba, kamar yadda yake yi tun Asabar, sai uban ya yi gyaran murya ya yi magana da muryar jagora.

"Gobe da sassafe za mu je tafki. An gano ba a yi maka gwajin iyo yadda ya dace ba. Tela zai gwada ka. Zuwa da dawowa ne kawai, sai tsayuwa a ruwa mai zurfi."

Dogo bai ɗago kai ba. Ƙanwarsa ta daina tauna tana kallonsu.

"Ka ji ni?"

"To, Baba."

Kyaftin ya ji sanyi a ransa. Ai ka gani, ya ce wa kansa, da bai iya ba da ya faɗa. Ya dubi matarsa don ta shaida, amma ita ɗanta take kallo.

Da safe mai kula da tafkin ya buɗe musu ƙofa yana hamma, ya koma ɗakinsa. Ruwan ya kwanta lamo, ba ko motsi, ana hango layukan ƙasansa. Tela ya riga su zuwa, yana ta zuba surutu don ya rufe kunyarsa, wai shi yau ne zai ga iyon gado. Kyaftin bai cire ko takalmi ba. Ya zauna a bencin iyaye da kayan aikinsa, ya harɗe hannu, don a ga ba ruwansa da gwajin. Uba ne kawai ya rako ɗansa, kuma shi ne babba na biyu da ƙa'ida ta nema.

Dogo ya cire rigar sikawut ɗinsa ya naɗe ta da kyau ya ajiye a ƙarshen bencin. Ya taka zuwa ɓangaren mai zurfi, inda ake fara gwaji. Dogon yaro ne siriri, kafaɗunsa sun fara buɗewa. Kyaftin ya lura cewa bai taɓa ganin bayan ɗansa tsirara a wannan wurin ba, ya kori tunanin. Yaron ya tsaya, yatsun ƙafarsa sun kama bakin siminti. Ya waiwayo ya dubi ubansa sau ɗaya.

"Bismillah, Dogo," in ji Tela. "Nuna mana."

Ya faɗa.

Daga yadda ya faɗa Kyaftin ya sani. Ya ga ɗaruruwan yara sun shiga ruwa, masu tsoro da masu rawar kai, ya san shigar kowa. Wannan ba shigar mai iyo ba ce. A tsaye ya tafi, hannuwa a manne da jiki, ido a rufe, kamar an jefa turmi. Ruwan ya rufe a kansa. Sai kumfa.

"Kai, nutso yake yi?" in ji Tela yana murmushi. "Gwaninta!"

Kyaftin bai miƙa gora ba, ga ta kuwa a jingine kusa da shi. Bai jefa igiya ba. Duk abin da ya shekara yana koya wa 'ya'yan mutane ya fice masa daga kai. Ya yi wata ƙara da shi kansa bai san yana da ita ba, ya faɗa ruwan da takalmansa da sukundireba a aljihu. Ya tarar da ɗansa a ƙasa, idanu a buɗe yanzu, yana kama ruwa da hannu biyu. Yaron ya cafke wuyansa ya shaƙe shi, kamar yadda duk mai nutsewa ke yi, suka ƙara yin ƙasa tare. Da ƙyar uban ya ɓamɓare hannuwan, ya juya shi ya riƙo haɓarsa, ya doki ƙasa da ƙafa suka taso. Tela, wanda murmushinsa ya daɗe da bushewa, ya miƙo gorar yana ihun sunan Allah, ya ja su gefe.

Suka kwantar da Dogo a gefensa. Ya yi ta amayar da ruwa yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Kyaftin ya durƙusa a kansa, ruwa na zuba daga aljihunansa, hannunsa na bubbuga bayan yaron, bakinsa na maimaita abu ɗaya, "Ɗana, ɗana," kamar wani ya yi masa gardama. Mai kula da tafkin ya leƙo a firgice, Tela ya ɗaga masa hannu ya ce an gama, ba komai.

Da numfashin yaron ya daidaita, ya tashi zaune ya rungume gwiwoyinsa. Tsoron Kyaftin ya juye ya zama faɗa, kamar yadda tsoron iyaye ke yi.

"Ba ka iya ba! Ba ka iya ba ka faɗa? Kana hauka ne? Me ya hana ka buɗe baki ka ce, Baba ban iya ba?"

"Ka ce in shiga."

"Da na ce ka shiga wuta fa?"

Dogo ya ce, cikin dasasshiyar murya, "Na ɗauka ko zan iya. Kullum ina kallon yadda kake koya musu. Na haddace duka. A ɗaki ina gwadawa a kan katifa."

Tela ya dafe kai da hannu biyu ya zauna daɓas a siminti.

"Tun yaushe?" in ji Kyaftin. Faɗan ya mutu, saura mamaki tsagwaronsa. "Yaya aka yi? Duk Asabar kana nan. Duk Asabar ta duniya kana gabana."

"Shekarar da na shiga, hannuna na cikin filasta, ka tuna? Na faɗo daga keke. Sauran yara suka koya, ni ina benci. Da aka cire, na zo layinka, ka ce in koma wurin Baba Tela, kai ba ka taɓa ɗanka. Su kuma rukuninsu igiya suke yi a lokacin. Rannan kawai Baba Tela ya kawo mini riga da bajon a jiki." Ya share hanci da bayan hannu. "Na so in faɗa. Sai ka gani, ka ce madalla, ka ba ni usur, ka ce daga yau ni ne mai tsaro tunda na ci iyo. Mai tsaro kuma ba ya shiga ruwa."

Kyaftin ya tuna ranar sarai. Ya tuna har daɗin da ya ji, cewa ɗansa ya ci bajo ba tare da ya sa masa hannu ba. Ya bi abin a ransa daki-daki, yana neman inda wani ya karya doka don ya samu wanda zai kama, ya rasa, in ban da Tela da kunyarsa ta banza. Sauran duk ƙa'idojinsa ne, kowace ta yi aikinta. Ɗaya ta raba shi da yaron, ɗaya ta tsayar da yaron a tudu, shi kuma yana tsakiyar ruwa yana tallafe cikin 'ya'yan wasu. Ya ji kunya, ya ji tsoro, ya kuma ji tausayin ɗansa irin wanda bai taɓa ji ba.

Tela ne ya fara farfaɗowa, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kyaftin, ka saurare ni. Laifina ne, na ɗauka, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Amma kada a taɓa yaron nan. Saura kwana nawa? Ka zo da shi kullum da safe, kai da kanka, kafin Asabar ya ɗan iya. Jami'in nan ba ruwa zai jefa shi ba, bajo zai maƙala ya ci abinci ya tafi. Daga ni sai kai sai shi muka sani. Ai ya ceci rai, Kyaftin! Wa ya fi shi cancanta?"

Kyaftin ya so maganar. Wallahi ya so ta, har ya fara lissafin safiyoyin da suka rage. Sai ya hango kwalekwale a tsakiyar dam, ruwa baƙi ƙirin marar layi a ƙasa, ƙanana na tsalle-tsalle, uwar Firit na can gida tana barcinta.

"Kana da reza?" ya ce.

"Kyaftin..."

"Tela ne kai. Kana da reza ko ba ka da ita?"

Tela ya laluba aljihu ya fito da 'yar reza a naɗe cikin takarda. Kyaftin ya ɗauko rigar ɗansa daga benci ya shimfiɗa a cinyarsa, ya nemi bakin zaren shuɗin bajon. Ya kasa. Ya yanki yatsansa, ya ɗiga jini a hannun rigar. Tela ya karɓa, ya farke ɗinkin da shi ya yi, zare bayan zare, ya cire na iyon, ya cire na ceton da ke ƙarƙashinsa, don ba a ba da shi sai ga wanda ya ci iyo. Inda suka tashi yadin ya fi sauran rigar duhu.

"Zan kira hedikwata in ce kada ya zo," in ji Kyaftin. "Iyaye kuma ni zan tsaya a gabansu in gaya musu wanda ke tsaron 'ya'yansu duk shekarun nan. In sun ce in sauka, in sauka." Ya juya ga ɗansa. "Ka yi haƙuri. Ba za a ba ka babban bajon ranar Asabar ba."

Ya zaci yaron zai yi kuka. Dogo ya dubi rigar, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko kamar an sauke masa buhu.

"Gara haka, Baba."

Ruwan ya koma ya kwanta. Kyaftin ya matsa ya zauna kusa da ɗansa, jiƙaƙƙe da jiƙaƙƙe. Yana neman abin da zai faɗa mai daɗi, ko ɗaya ne, don kada yaron ya tashi da hannu wofi.

"Amma ranar Asabar ka yi daidai," ya ce. "Wannan ba wanda zai cire maka. Ka natsu, ka jefa igiya, ba ka yi gangancin shiga ba."

Dogo ya girgiza kai, idonsa na kan wurin da Firit ya nutse.

"Ba natsuwa ba ce, Baba. Jifa ɗaya na ba kaina. Na riga na cire takalmi. Da ba ta kai ba, shiga zan yi."

Kyaftin ya juya ya dubi ɗansa. Ya miƙa hannu ya kama tsintsiyar hannun ɗansa ya riƙe gam, har yaron ya ce masa da zafi, bai saki ba.